Yis da bakin hoda ba abu ɗaya ba ne fa

Salam 'yan uwa. 'Yar uwarmu da ta tambaya jiya wai yis ɗinta ya ƙare, ko za ta iya zuba bakin hoda a kwaɓin burodi tunda duk kumburi suke sawa, to zai ɗan tashi kam amma abin da zai fito ba burodin da kika sani ba ne.

Shi yis abu ne mai rai, wasu ƙwayoyin halitta ne mitsi-mitsi, wannan garin da kike gani a leda barci kawai yake yi. Da ya ji ruwan ɗumi sai ya farka ya hau cin sugan da ke cikin fulawa, yana ci yana sakin iska irin wadda muke fitarwa in mun yi numfashi, da ɗan barasa kaɗan wanda zafin gashi ke korar mafi yawansa. Louis Pasteur ɗan Faransa ne ya nuna tun 1857 cewa mai rai ne ke wannan aikin. Saboda wannan iskar ne ake murza kwaɓi sosai, murzar ce ke sa gulutin, wato wani sinadari da ke cikin fulawa, ya yi danƙo ya riƙe iskar kamar balan-balan, in kika yanka burodi kika ga 'yan ramukan nan ai gidajen iskar ne. Amma fa sai da haƙuri, awa 1 zuwa 2 a rufe a wuri mai ɗumi, kuma a wannan zaman ne ƙamshin burodi ke haɗuwa, ni a wajena nan ne duk daɗin yake.

Bakin hoda kuwa ba rai gare shi, soda ce aka haɗa da wani gari mai tsami da ɗan sitaci, ruwa na taɓa shi yake fara sakin iska, sauran kuma sai ya ji wuta. Alfred Bird ya haɗa shi a Ingila a 1843 saboda matarsa yis ba ya karɓar ta. Ba ya son murza, ba ya son jira, ki kwaɓa ki gasa, shi ya sa ya dace da kek. A burodi zai ba ki abu mai marmashewa, in ya yi yawa har ɗaci-ɗaci za ki ji.

Abin da ke kashe yis kuma shi ne ruwan zafi, ɗumin ya tsaya wajen digiri 35 zuwa 40, yadda za ki sa yatsa ba ki ji ƙuna ba, in ya kai 60 ya mutu kenan. Gishiri ma kar ki juye shi kai tsaye a kansa, rage masa ƙarfi yake.

In kin sayo sabo ki fara gwada cokali ɗaya a ruwan ɗumi da ɗan suga, ki ba shi minti 10, in ya yi kumfa ki ci gaba da kwaɓinki, in shiru kika gani kar ki ɓata fulawarki.