Fijo 504: a sayi motar yanka ko a bi Panteka ɗaya-bayan-ɗaya?

Wani ɗan'uwa ya tambaya: yana da Fijo 504 salun ta gado da ta jima a ajiye, yana so ya tashe ta a gida. An yi masa tallan wata 504 wagon da ta mutu. Ya saye ta a matsayin motar yanka ya riƙa cirar kaya, ko ya riƙa sayen abin da ya rasa a kasuwa?

Malam, amsar tana jikin motarka. Ɗauki biro ka zagaya ta, ka rubuta abin da babu. Idan matsalar inji ce da burki kawai, kasuwa ta fi. A 1975 PAN, wato kamfanin Fijo na Najeriya, ta fara harhaɗa motoci a Kaduna, ta yi kusan shekara talatin tana harhaɗa 504, don haka fistin, ringi, gaskit, kuloci da famfon ruwa ba sa wuya a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano. Irin waɗannan ma sabo ake sa wa, na jikin motar yanka ba zai amfane ka ba. Haka duk wani abin roba: tiyon lagireto, robobin burki, mazaunin inji. Robar da ta sha rana shekara da shekaru ta riga ta mutu, ko da a ido tana da kyau.

Inda motar yanka take cin kuɗinta shi ne ƙananan kayan da ba a ƙera su kuma. Hannun ƙofa, injin ɗaga gilas, makullin but, agogon dashbod, ƙarfen kwalliyar gefe, maƙalan da ke riƙe su, da kusoshin asali. A kasuwa kowane da kuɗinsa da cinikinsa, wani ka yi wata kana nema. Ga wani amfanin da ba a faɗa: tana tsaye a gefe, ka duba yadda waya ta bi da yadda aka ɗaure abu kafin ka mayar da naka. Sai dai tana cin fili, kuma daga ƙarshe gangar jikin sai 'yan gwangwan.

To amma wagon ce aka kawo maka, nan ne gizo ke saƙa. Daga hanci zuwa ƙofar gaba kusan duk ɗaya suke da salun: bonet, gilashin gaba, ƙofofin gaba, inji da giya. Daga nan baya kowa da nasa. Tsakanin tayar gaba da ta baya mita 2.74 ne a salun, a wagon kuwa 2.90. Wannan santimita 16 ita ke hana furofela da bututun salansa zama, ƙofofin baya da fitilun baya ma ba za su hau ba. Salun ɗin ma iri biyu ce a ƙasa: akwai mai aksul guda miƙaƙƙe, akwai wadda kowace taya ke motsi ita kaɗai. Leƙa ƙarƙashin taka kafin ka biya kuɗi. In bayan motarka ne ya lalace, bar wagon ɗin nan, nemi salun.

Injin ma a duba: akwai XM7 mai 1796cc, akwai XN1 mai 1971cc. Sun yi kama a ido, fistin da silif ɗinsu (bututun ƙarfen da fistin ke hawa da sauka a ciki) kuwa ba faɗi ɗaya ba. Cire filogi huɗun injin wagon ɗin, ɗiga ɗan baƙin mai a kowane rami, ka juya inji da sifana. In ya ƙi juyawa, kada ka biya kuɗin inji mai rai. Zaro sandar gwajin mai. In ka ga ya yi fari-fari kamar madara, ruwa ya shiga.

Ga kuskuren da ke kashe injin 504 a hannun mai gyara a gida. Silif ɗinsa ba a manne yake da bulok ba, zaune yake cikin ruwa, da ɗan siririn gaskit a gindinsa. Da ka cire kan inji, danne kowane silif da washa mai faɗi da kusa kafin ka taɓa komai. In ka juya inji ba ka danne ba, fistin zai ɗaga silif, gaskit ɗin gindi ya saki, ka haɗa komai tsaf sannan ruwa ya gangara cikin mai.

Wajen tsatsa, soka sukurdireba a daɓen ƙarƙashin ƙafar direba, da dogarin ƙasan ƙofofi, da gindin gilashin gaba, da inda shokozoba ta gaba ke ɗaure. Motocin biyu sukan ruɓe a wuri ɗaya ne, saboda haka kada ka sa rai za ka yanko lafiyayyen daɓe daga waccan sai ka gani da idonka. Wadda ta zauna a Arewa takan fi ta bakin teku ƙarfe mai kyau.

In ka saya, ɗauki hoto kafin ka kwance kowane abu, ka zuba kusoshinsa a leda ka rubuta suna. Fara da kayan ciki da gilasai, inji da giya su zo ƙarshe. Kuma ko da yankawa za ka yi, karɓi takardun motar da rasit mai lambar casis da ta inji, a gaban shaidu. Motarka ta ci gaba da zama kan lambar casis ɗinta. In ka sauya inji, kai takardunka ofishin lasin a gyara lambar.