Toshe bututun hayaƙi: daga ƙasa ko daga sama?

Idan wuta ta mutu a murhun ɗumama ɗaki, bututun hayaƙi yakan zama ƙofar sanyi. Iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi, sai ta gangaro ɗaki, musamman in fankar kicin tana zuƙe iskar gida waje.

Mafita ta farko ita ce balan-balan ɗin roba da ake cusawa daga ƙasa a maƙogwaron bututun a hura shi. Yana da araha, kowa zai iya sa shi da kansa. Amma dole a cire shi kafin a kunna wuta, in an manta kuwa hayaƙi zai turnuƙe ɗaki.

Ta biyu murfin ƙarfe ne a can saman bututun, mai roba a bakinsa, da waya da ta sauko har murhu: ka ja, ya rufe ruf. Ya fi tsada, kuma sai ma'aikaci ya hau rufi. Sai dai yana tare ruwan sama da tsuntsaye, bututun ma ba ya yin sanyi ƙalau, don haka ya fi saurin jan hayaƙi idan an kunna wuta. Mai hura wuta kullum, a ganina, wannan ya fi masa. Banda murhun gas, don rufe bututunsa na iya tara iska mai guba a gida.