Sharhi kan fitilar ƙofar gida mai aiki da hasken rana

Fitilar da zan yi sharhi a kanta irin wadda ake kafawa a bango ce, da farantin sola a samanta, da batir a cikinta, da jerin ƙananan ƙwayoyin LED, wato ƙwayoyin lantarki masu fitar da haske, a fuskarta. Tana ƙofar gidana tun kafin hunturun da ya wuce, saboda haka ta sha hazo ta kuma sha zafin bazara.

Dangane da haske, ba ni da ƙorafi mai yawa, domin tana haskaka ƙofar gida har zuwa bakin titi. Wanda ya duba ta da rana zai ga kowace ƙwaya rawaya ce, ko da yake farin haske take bayarwa da dare. Dalilin shi ne ainihin ƙwayar shuɗin haske take fitarwa, sai aka lulluɓe ta da wani sinadari mai mayar da sashen shuɗin zuwa rawaya, haɗuwar biyun kuma ido ya gan ta fari. Jan LED ya samu tun 1962 a hannun Nick Holonyak a Amurka, amma shuɗi mai ƙarfi sai da aka shafe kusan shekara 30 kafin Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura su samar da shi a Japan daga sinadarin galiyom naitiraid, aikin da ya kai su ga samun kyautar Nobel a 2014. Abin da bai gamshe ni ba shi ne farin nata ya karkata sosai zuwa shuɗi, yana kashe ido, kuma ƙwari suna taruwa a kansa fiye da yadda suke yi wa fitila mai ɗan ja-ja.

Tana kunna kanta bayan magariba ta kuma mutu da wayewar gari, kuma farantin solar ne da kansa yake aikin ido: idan wutar da yake samarwa ta ragu, sai na'urar ciki ta fahimci duhu ya yi. Wannan dabara tana rage kuɗi, sai dai duk lokacin da mota ta dallo fitila kai tsaye a kan farantin, sai fitilar ta ɗauka gari ya waye ta ɗauke na ɗan lokaci. Na'urar gane motsi da ke jikin fitilar kuwa, wadda take sa ta ƙara haske idan wani ya matso, zafin jiki take ji, shi ya sa akuya ko kyanwa ma suke tayar da ita, kuma a watan Afrilu, lokacin da bango yake riƙe zafi har cikin dare, sai mutum ya matso sosai kafin ta ƙara haske.

Babban aibin yana jikin kwalin da fitilar ta zo a ciki, inda aka rubuta wat 200, wat kuwa ma'aunin ƙarfin wutar lantarki ne. Farantin sola na silikon mai faɗin murabba'in mita guda, a tsakar rana mai kyau, kimanin wat 200 yake bayarwa, na wannan fitila kuwa bai fi tafin hannu biyu ba, don haka abin da yake tarawa 'yan wat kaɗan ne. Ina ganin masu sayarwa sun gane cewa mai saye lambar wat yake dubawa, alhali lumen ne ma'aunin haske. A kwanakin hazo, idan ban goge ƙurar da ke kan farantin ba, hasken yakan dushe tun kafin asuba. Bayan fitilar kuma roba ne, babu ƙarfen alminiyom da zai janye zafi, kuma zafi ne yake saurin gajiyar da ƙwayoyin LED da batirin litiyom baki ɗaya.

Ga mai neman hasken ƙofa ko zaure, ta isa, muddin zai riƙa goge farantin. Mai shago ko mai gadin fili da yake buƙatar haske har safiya gara ya ƙara kuɗi ya sayi wadda farantinta yake a ware kuma babba, bayanta na ƙarfe, batirinta kuma ana iya cire shi a sauya idan ya gaji.