Gargaɗi Kan Masu Sayar da Kayan Azurfa da Sunan Hafsan Sojan Ruwa

Ina jan hankalin masu sha'awar kayan tarihi game da wasu dillalai da ke tallata tsofaffin cokula da farantan azurfa na Ingila a intanet, suna cewa wani hafsan sojan ruwa na zamanin Admiral Nelson, shahararren kwamandan sojan ruwan Birtaniya, ne ya ci abinci da su, alhali ba su da wata shaida sai tambarin iyali da aka zana a jikin kayan. Abin yana damuna matuƙa, domin labarin ne ke ninka farashin, kuma mai saye ba ya gane an cuce shi sai ranar da ya tashi sayarwa.

Babbar dabararsu ita ce nuna hoton bayan cokali, inda ake ganin ɗan hatimi mai siffar anga, wato ƙugiyar tsayar da jirgi, su ce alamar rundunar ruwa ce. Wannan ƙarya ce tsagwaronta. Anga hatimin ofishin gwajin azurfa ne na Birmingham, wanda aka buɗe a 1773, a birnin da ko bakin teku ba shi da shi, kamar yadda kan damisa yake hatimin Landan. Zakin da ke gefensa shi ke tabbatar da cewa kashi 925 cikin 1,000 azurfa ce, harafin da ke biye kuma yana nuna shekarar gwaji.

Shekarar nan ce ke tona asiri. Nelson ya mutu a yaƙin Trafalgar a 1805, saboda haka cokalin da aka buga wa hatimi bayan wannan shekara ba na zamaninsa ba ne. Idan kuwa aka ga haruffan EPNS, to ruwan azurfa kawai aka yi wa wani ƙarfe da lantarki, fasahar da kamfanin Elkington ya yi wa rajista a 1840.

Shi kansa tambarin iyalin ba hujja ba ne, domin iyalai da dama kan yi tarayya a zane guda, kuma maƙeri na iya goge tsohon zane ya sassaƙa sabo. Ku shafa wurin da yatsa: idan ya ɗan lotsa, ko zanen yana da kaifi alhali bakin cokalin ya suɗe saboda tsufa, akwai lauje cikin naɗi.

Kafin ku tura ko sisi, ku nemi wasiyya, rasit ko takardar gwanjo da ta ambaci kayan ƙarara, kuma ku ga asalinta. Dillalin da ya ce takardun sun ɓace amma ku yi sauri domin wani na jira, ku bar masa kayansa.