Duolingo da Faransancin bakin iyaka: inda yake amfani da inda yake gazawa

Daga Kamba, hedikwatar ƙaramar hukumar Dandi, tafiya kaɗan ce zuwa Gaya ta jihar Doso a Nijar, Gaya kuma kogin Kwara ne kawai ya raba ta da Malanbil ta Benin. Ta ɓangaren Bagudo ma, Tsamiya da Lolo a bakin iyakar Benin suke. A cikin kasuwa Hausa da Zabarmanci da Dandanci sun isa a yi ciniki a rabu lafiya. Inda bakin ɗan Kebbi ke mutuwa shi ne gaban jandarma, ofishin duwan (kwastam), takardar asibiti, ko rasiɗin kaya daga Kwatano. Ko bayan da Nijar ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a 2025, Faransanci yana nan cikin harsunan aiki, a Benin kuwa shi ne harshen hukuma. Shi ya sa matasan da ke bin wannan hanya suke sauke Duolingo, manhajar koyon harsuna, a waya.

Manhajar ta wani kamfanin Amurka ce da Luis von Ahn da Severin Hacker suka kafa a 2011, aka buɗe ta ga jama'a a 2012. Kyauta ce, da tallace-tallace tsakanin darussa, kuma intanet take buƙata. Kwas ɗinta na Faransanci yana cikin waɗanda suka fi tsawo da tsari, an jera shi bisa ma'aunin harsuna na Turai tun daga A1, matakin farko, sai A2, sai B1, har B2. Mai harkar kan iyaka A2 ta ishe shi.

Matsala ta farko tana bakin ƙofa: babu Hausa. Akwai kwas na Swahili da na Zulu, amma ba a koyar da Hausa, ba a kuma koyarwa da ita. Dole ka shiga ta Turanci, ko ta Larabci ga wanda ya yi nisa a Islamiyya, domin akwai kwas ɗin Faransanci na masu jin Larabci, sai dai bai kai na Turancin tsawo ba. Illar wannan gada ita ce za ka fahimci jimlar Faransanci sarai, ka tashi mayar da ita Turanci ka manta wani ɗan harafi, a buga maka ja. Laifin Turancinka ne, amma Faransancinka aka ci tara. Wanda Turancinsa bai wuce na karanta saƙon waya ba zai sha wannan ja har ya ɗauka kansa ne ba ya ja.

Abin haushin shi ne Bahaushe ya fi Baturen Ingila kusa da Faransanci a wurare da dama, gadar Turancin ce ke ɓoye masa hakan. Turanci kalma ɗaya gare shi ta kai da ke da ku. Faransanci yana da tu na aboki da yaro, da vous na jama'a da na girmamawa, daidai da yadda ake ce wa dattijo "kun tashi lafiya, Baba?" alhali shi kaɗai ne. Haka kalmar on: on mange kusan "ana ci" ne, on a volé le sac kuma "an sace buhun". Idan ka fassara wa kanka da Hausa a zuci, abin da manhajar za ta kwashe makonni tana kewaye-kewaye a kai cikin minti ɗaya zai zauna.

Jinsin suna ma mun san shi, sai dai a nan akwai rami. Rana mace ce a Hausa, le soleil namiji ne. Wata namiji ne, la lune mace. Kasuwa mace, le marché namiji. Gida namiji, la maison mace. Kunne ya saba da cewa kalmar da ta ƙare da "a" yawanci mace ce, to wannan doka ba ta ƙetare iyaka. Maganin kawai kada ka taɓa haddace suna tsirara: ba marché ba, le marché, tare kamar ɗan jumma da ɗan jummai.

Yadda darasi yake: minti uku zuwa biyar, a nuna jimla, a zuba kalmomi a ƙasa kamar katin karta, kai kuma ka taɓa su ɗaya bayan ɗaya su hau layi. A nan mafi yawan masu amfani da manhajar suke yaudarar kansu. Kalmar da ta fara da babban baƙi ita ce ta farko, biyu ko uku a cikin sauran a fili suke ba su da wurin zama, saura kuwa hankali kawai zai jera su. Mutum zai yi wata shida yana cin koren maki, ranar da aka tsare shi a shinge aka ce vous allez où, wato ina za ku, bakinsa ya ƙi buɗewa, saboda bai taɓa haƙo kalma daga cikin kansa ba, tsinta yake yi. Duk inda aka ba da zaɓin rubutawa da allon haruffa, a zaɓe shi. A ƙara Faransanci cikin harsunan allon wayar don samun é da è da ç. Manhajar tana karɓar amsa ko babu waɗannan alamomi, ta ɗan ja kunne kawai, amma a da à kalmomi biyu ne daban, haka ou da où.

Ɓangaren sauraro ya fi komai kyau. Muryoyi daban-daban ne, akwai alamar kunkuru da ke maimaita jimla a hankali kalma-kalma, ga gajerun labarai na hira da ke zuwa a kan hanya. Ɓangaren furuci kuwa rangwamensa ya yi yawa. Sau da yawa ka faɗi abu kusa-kusa a ce ka ci. Ga mu nan kuma da namu ciwon. Hausa ba ta raba p da f, a Kebbi da Sakkwato ma fari "hwari" ne. Faransanci kuwa port tashar jirgin ruwa ce, fort mai ƙarfi. Pain burodi, faim yunwa. Haka b da v: boire sha, voir gani. Gyaran na madubi ne, ba na waya ba. A p da b leɓɓa biyu ke haɗuwa su fashe. A f da v haƙoran sama ke sauka kan leɓen ƙasa iska ta wuce. Ka riƙe guntun takarda gaban baki ka bambanta su sau ashirin kowace safiya na mako biyu. Sai u ta cikin rue, titi, da ou ta cikin roue, taya: ka ce "i", ka bar harshe a wurin, ka turo leɓɓa kamar mai hura wuta. Direban da ya gaza raba waɗannan biyu zai sha bayani a garejin Doso.

Sai lissafi, wanda shi ne jinin ɗan kasuwa, kuma a nan manhajar ta yi sakaci. Tana koyar da lambobi, amma a warwatse, kuma da Yuro. Daga 70 abin ke rikicewa: soixante-dix sittin da goma ne, 80 quatre-vingts ashirin huɗu, 97 kuwa quatre-vingt-dix-sept, wato ashirin huɗu da goma sha bakwai. Lambar waya a Nijar takwas ce, bibbiyu ake karanta ta, don haka sabon shiga yana jin quatre-vingt ya rubuta 80, kafin mai magana ya ƙarasa dix-sept ya riga ya ɓata layin. Ka jira a kai ƙarshen numfashi kafin biro ya taɓa takarda. Ga kuma masu kama da juna a kunne: deux (2) da douze (12), trois (3) da treize (13), six (6) da seize (16), cent cinq (105) da cinq cents (500). A saman wannan akwai lissafin dala na kasuwannin Nijar, inda dala ɗaya sefa 5 ce: cent francs dala ashirin ne, cinq cents francs dala ɗari, mille francs jika guda. Mai albasa ta ce maka "ɗari" da Hausa, 500 take nufi. Akawu ya ce cent, 100 yake nufi. Babu darasin da zai gaya maka haka. A samu aboki ya riƙa kiran lambobi goma tsakanin 60 da 99 kana rubutawa, kullum, har sai ka ci goma cif sau uku a jere.

Kalmomin ma na birnin Faris ne: jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, gidan shan kofi, hutun bazara. Za ka daɗe ba ka haɗu da le mil gero, le sorgho dawa, le niébé wake ba, balle zémidjan, ɗan acaɓan Benin. Na shinge kuwa su ne pièce d'identité katin shaida, permis de conduire lasisin tuƙi, carte grise takardar mota, laissez-passer takardar izinin wucewa, carnet de vaccination katin riga-kafi. Waɗannan sai littafin rubutu: kalma biyar a rana, Faransanci a hagu da le ko la ɗinta, Hausa a dama, a rufe hagu da hannu a gwada kai.

Abin da Duolingo ya ƙware a kai da gaske shi ne hana mutum fashi. Alamar wuta a saman allo tana ƙirga kwanakin da ka jera, koriyar mujiyar da ke tambarin manhajar tana aiko tuni. Ga wanda ya sha fara abu yana yarwa, wannan ba ƙaramin taimako ba ne. Amma yana iya juyewa ya zama damuwa. Akwai gasar mako-mako ta mutum 30, matakai goma daga tagulla zuwa lu'ulu'u, sai ka ga mutum ƙarfe sha ɗaya na dare, caji ya kusa ƙarewa ga babu wuta, yana maimaita darasin da ya iya tun bara don kada a sauke shi. Maki yake tarawa, ba harshe ba. A shiga saiti a mayar da shafin mutum na sirri, gasar za ta ɗauke. A rage tunin zuwa ɗaya. Ko da kwanaki 200 da ka jera sun tsinke saboda rashin sabis, kalma ko ɗaya ba ta fita daga kanka ba.

Na kyauta yana da takunkumi. A da zuciya biyar ake bayarwa, kowane kuskure ya cinye ɗaya. Daga 2025 aka fara sauya su da ma'aunin kuzari mai kama da batir, wanda kowace tambaya ke rage shi ko ka ci ko ka faɗi. Mai minti 15 a rana zai iya zama da shi. Super Duolingo na kuɗi yana cire talla da takunkumin, akwai kuma tsarin iyali na mutum shida da abokai za su iya yin karo-karo a kai, amma hanyar darussan ɗaya ce. A ganina kuɗin gara a sa su a data. Kuma manhajar ba ta ba da takardar shaidar Faransanci. Mai neman ta aiki ko karatu jarrabawar DELF ta hukumomin Faransa zai rubuta, a cibiya irin Alliance Française ta Kano.

Tsarin da ya fi dacewa da mai sana'a: darasi uku bayan sallar asuba, kowace jimla a faɗe ta da ƙarfi ko ba a nema ba. Da dare labaran gidan rediyon Faransa RFI na sauƙaƙan Faransanci, minti goma ne, daga wata na uku. Ranar kasuwa kuma a nemi baƙo ɗaya daga ƙetare a gwada jimla uku a kansa: bonjour (gaisuwa), c'est combien le sac (nawa ne buhun), diminuez un peu (ku rage kaɗan). A fara da sallama da gaisuwar Hausa yadda aka saba, sannan a ce, "Malam, Faransanci nake koyo, in na yi kuskure ku gyara mini." Yawanci dariya za a yi, a gyara, a ƙara maka kalma biyu kyauta. Ga jami'i kuwa vous ne ko da sa'an ƙaninka ne, kuma bonjour chef kafin a miƙa takarda.