NEBOSH, lid odita na ISO ko CPEA: wanne zaka fara zuba wa kuɗinka?

Kwanakin baya wani ƙanin abokina ya same ni da fayil cike da satifiket, na ƙirga guda bakwai, duk na harkar sefti da muhalli, yace Yaya dan Allah duba min ko akwai abinda ya rage, shekara biyu kenan ina tura takardu babu wanda ya kira ni ko intabiyu. Na zauna na duba su ɗaya bayan ɗaya kuma wallahi raina ya ɓaci, ba dashi ba, da waɗanda suka karɓi kuɗinsa. Biyar daga ciki takardar halarta ce kawai, wato ka zauna a aji ko gaban waya kwana biyu an baka takarda mai hatimi mai kyalli. Yaron nan kuɗin da ya tara a bautar ƙasa ya zuba a ciki.

Shi yasa nace bari in rubuta abinda na sani ga duk mai son zama odita na lafiya da kariyar ma'aikata da muhalli, wato mai zuwa ya bincika ko kamfani yana bin ƙa'ida, tun kafin ya cire ko sisi.

Abu na farko da ya kamata ya zauna maka a kai, takardun nan kala uku ne kuma masu tallan kwas da gangan suke cakuɗa su. Akwai takardar da ke cewa ka halarci horo. Akwai wadda ke cewa ka zauna jarabawa ka ci. Sannan akwai rajista, inda wata hukuma ta duba karatunka da shekarunka a aiki da adadin odit ɗin da ka yi da hannunka, ta saka sunanka a littafinta, kuma idan ka daina sabunta iliminka ta cire ka. Ta ukun nan ita ce ake nufi idan aka ce mutum ƙwararren odita ne, ita ce kuma ba'a saya da kuɗi kaɗai.

Toh mu fara da OSHA ta awa 10 da awa 30 tunda ita aka fi tallatawa a WhatsApp. OSHA hukumar gwamnatin Amurka ce, horon nan kuma an tsara shi ne don ma'aikatan can su san haɗarin wurin aikinsu, ita kanta hukumar ta faɗa cewa ba shaidar ƙwarewa bace. Idan wani ya ce maka zaka zama odita da ita, riƙe kuɗinka.

IOSH Managing Safely kuma, na ƙungiyar masu aikin sefti ta Ingila wato IOSH, kwas ne mai kyau, kamar kwana uku, amma na manajoji ne da masu kula da ma'aikata domin su gane nauyin da ke kansu. Idan kai fomin ne a saiti yayi maka. Bai kai ya zama tushen sana'a ba.

NEBOSH ita ce gaskiya ƙofar shiga ga mafi yawan mutane. Hukumar jarabawa ce ta Ingila da aka kafa tun 1979, kuma takardarta da ake nema a tallan aiki ita ce IGC, ta ƙasa da ƙasa. Kashi biyu ce, akwai jarabawar rubutu sannan akwai aikin da zaka je wurin aiki na gaske ka auna haɗarinsa ka rubuta. Tun 2020 suka maida jarabawar ta zama a gida kake yi da littafinka a buɗe, a baka labarin wani wurin aiki da tambayoyi a kansa ka amsa cikin awa 24, daga baya a kira ka a yi maka tambayoyi don a tabbatar kai ka rubuta. Mutane suna jin littafi a buɗe sai su ɗauka banza ta faɗi, alhali a nan ake zubewa, don ba haddar ma'ana suke so ba, so suke ka nuna a cikin labarin nan ina matsalar take kuma me yasa. Kuma dan Allah ka guji masu cewa ka biya su rubuta maka, ana kamawa a soke sakamakon, kuma ko ba'a kama ka ba ranar da ka tsaya gaban tukunyar tururi baka san me zaka duba ba rayukan mutane ne a hannunka. Kafin ka biya kowace cibiya ka shiga shafin NEBOSH ɗin ka ga sunanta cikin waɗanda suka amince da su, minti biyar ne.

Amma fa IGC ta NEBOSH bata koya maka odit a aikace, taɓa shi kawai take yi. Tana koya maka ka gane haɗari, wuta, lantarki, sinadarai, aiki a sama, ƙara, ƙura. Odit wani fanni ne daban, shine ka ɗauki ƙa'ida a hannu ka bi ka ga ko abinda kamfani ya rubuta yana yi shine yake yi da gaske, ka kawo hujja.

Nan ne kwas ɗin lid odita, wato mai jagorantar tawagar odit, na ƙa'idojin ISO, hukumar tsara ƙa'idoji ta duniya, yake shigowa, kuma a nan zan daɗe don nan aka fi yaudarar mutane. ISO 45001 ita ce ta lafiya da kariyar ma'aikata, ta fito a 2018 ta maye gurbin tsohuwar ƙa'idar OHSAS 18001. ISO 14001 ita ce ta muhalli, tun 1996 take ana sabunta ta. Kwas ɗin kwana biyar ne, awa 40, ana kallon yadda kake yi a aji kullum sannan jarabawa a ƙarshe. Masu amincewa da kwas ɗin da aka fi sani sune CQI da IRCA na Ingila, sai PECB ta Kanada, sai Exemplar Global. Idan inda kake hari manyan kamfanonin da ke zuwa su tantance masana'antu su basu shaidar ISO ne, ni dai na fi ganin ana tambayar na IRCA. Na PECB shima yana tafiya kuma cibiyoyinsa sun yawaita a Afirka, har da Faransanci ana yi, wanda hakan zai fi wa 'yan uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi sauƙi.

Ga inda gizo ke saƙar. Ka gama kwana biyar ka ci jarabawa, takardarka cewa take ka kammala horon lid odita, bata ce kai lid odita bane. Kafin IRCA ta yi maka rajista a wannan matsayin sai ka kawo littafin odit ɗinka, wane kamfani, wace rana, kwana nawa, wace ƙa'ida, a matsayin ɗan tawaga ka je ko kai ka jagoranta, wa ya sa hannu. Zaka fara daga ƙasa ka bi wani babba kana kallo, ka zama ɗan tawaga, sannan a baka jagoranci. Na ga mutane da yawa sun rubuta lid odita a gaban sunansu a LinkedIn basu taɓa zama taron buɗe odit ba ko sau ɗaya, kuma tambaya ɗaya ake musu a intabiyu a gane.

Bari in baka misalin abinda kwas baya iya baka. Wata rana mun shiga wata masana'anta a nan arewa, takardunsu tsaf, fayil ɗin duba tukwanen kashe gobara an sa hannu kowane wata babu fashi. Babban da nake bi a lokacin bai ce komai ba, ya ce a kai shi sito. Ya durƙusa gaban tukunya ɗaya ya goge ƙurar da ke kan agogonta da babban yatsa, allurar tana kan ja, babu iska a ciki. Muka zagaya ƙofar gudun gobara muka tarar an garƙame ta da kwaɗo saboda tsoron sata, makullin yana aljihun maigadi, maigadin kuma ya tafi cin abinci. Mata sun fi talatin suna aiki a ɗakin nan. Abinda ya tsaya min a rai shine yadda ya rubuta abin, bai zagi kowa ba bai ce manaja maƙaryaci bane, ya rubuta lambar tukunyar da wurin da take da abinda fayil ya ce da sashen ƙa'idar da aka saɓa, yadda babu mai iya musu. Ranar na koyi abinda kwana biyar a otal bai koya min ba.

Shi yasa idan kana aiki a kamfani yanzu, shawarata kar ka yi tsalle zuwa lid odita. Yi na odita na cikin gida, kwana biyu ne kuma kuɗinsa bai kai na lid odita ba, ka roƙi a saka ka cikin masu odit ɗin kamfaninku, ka buɗe littafinka tun ranar farko. Bayan shekara ɗaya idan ka je na kwana biyar ɗin zaka gane me malamin yake faɗa.

Sai na Amurka. CPEA ita ce aka yi musamman don masu odit na muhalli da lafiya da kariya, hukumar BEAC ce ta fara bada ita, wadda aka kafa a 1997, daga baya ta koma hannun BGC, masu bada CIH ta masana lafiyar wurin aiki. Tana da nauyi sosai don ba'a ma barinka ka zauna jarabawar sai kana da digiri da shekaru a aiki da tarin odit da ka riga ka yi. Matsalarta a wajenmu ita ce kamfanonin Amurka suka fi saninta, mai ɗaukar ma'aikata a Sharaɗa ko Bompai da wuya ya taɓa jin sunanta. CSP ta hukumar BCSP ta fi ta suna, musamman a kamfanonin mai da ƙasashen Larabawa na yankin Gulf, tana son digiri da shekara huɗu a aikin sefti da wata shaidar kafinta kamar ASP, jarabawar tambaya 200 ce cikin awa biyar da rabi a kwamfuta. Duka biyun na wanda ya riga ya yi nisa ne, ba na mai farawa ba.

Kar kuma ka raina na gida don kawai ba da fam ɗin Ingila ake biya ba. ISPON doka ce ta kafa ta a 2014 don tsara sana'ar sefti a Najeriya, kuma kwas ɗinta na HSE, wato lafiya da kariya da muhalli, mataki na 1 da 2 da 3 har yanzu ana tambayarsu a aikin kwangila da na mai. Idan kuma ɓangaren muhalli kake so, sanin dokokin NESREA, hukumar kula da bin ƙa'idojin muhalli ta Najeriya da aka kafa a 2007, da dokar tantance tasirin ayyuka kan muhalli ta 1992 zai fi maka amfani a Kano fiye da haddace dokar Amurka, don rahoton odit na muhalli da masana'antu ke miƙawa duk shekara uku ta hannun masu bada shawara da hukumar ta amince da su yake bi. Duk wanda ya san yadda ruwan majemun Challawa yake, ko ya tuna gubar dalma ta Zamfara a 2010 da ta kashe ɗaruruwan yara, ya san aikin nan muna buƙatarsa a gida ba sai an tafi waje ba.

Abinda kusan kowa ke mantawa wajen lissafi shine kuɗin riƙewa. Takardar NEBOSH bata mutuwa, ka biya sau ɗaya shikenan. Amma rajistar IRCA da zama ɗan ƙungiyar IOSH da CSP da CPEA duk akwai kuɗin shekara, da fam ko dala, kuma ka san yadda naira take. Bayan kuɗin akwai ci gaba da karatu da dole ka nuna, CSP misali maki 25 ake so duk shekara biyar, IOSH ma tana son ka riƙa rubuta abinda ka ƙaru dashi. Ni ban ɗauki wannan a matsayin wahala ba don ƙa'idojin suna canzawa, wanda ya tsaya a OHSAS 18001 yau babu inda zai yi odit da ita, kuma a 2024 ma an ƙara maganar sauyin yanayi cikin ƙa'idojin ISO ɗin nan, oditan da bai bibiya ba zai je ya wuce ta bai tambaya ba. Kuma ba duka sai da kuɗi ba, taron ƙara wa juna sani na intanet kyauta, horar da ma'aikatanku da kake yi, binciken haɗari da ka shiga, da yawa ana ƙirga su idan ka rubuta ka ajiye hujja. Kawai kar ka tara rajista uku alhali albashinka ɗaya zai iya ɗauka, zaɓi wadda masu aikin da kake hari suke rubutawa a tallansu, ka buɗe talla goma ka ƙirga da kanka.

Shi ƙanin abokin nawa abinda na ce masa, ya ajiye biyar ɗin nan a gida kar ya ƙara saka su a takardar neman aiki don suna rage masa kwarjini, ya riƙe na ISPON, ya fara tarin kuɗin NEBOSH a hankali. Na kuma haɗa shi da wani da ke zuwa odit ɗin muhalli a masana'antu ya riƙa binsa yana riƙe masa takardu ko ba'a biyansa. Satin da ya wuce ya turo min hoton shafin farko na littafin odit ɗinsa, odit biyu, kwana uku, da sa hannun mutumin a ƙasa.