Kwalba ko akwatin gilashi mai tsirrai: wanne ya fi dacewa da kifin betta a ƙauye?

Wani ɗan'uwa daga wajen Ringim ya ce an kawo masa kifin betta, wani ɗan ƙaramin kifin ado, guda ɗaya daga Kano, a cikin kwalba da furen roba. Yana tambaya ko ya bar shi a nan ko ya haɗa masa akwatin gilashi da tsirrai masu rai, ga shi wuta a garinsu sai ta ga dama. Malam, ni akwatin zan zaɓa, kuma rashin wutar yana cikin dalilaina.

Kwalba dai arha ce, ba ta cin wuri. Kifin asalinsa daga Tailan ne, cikin gonakin shinkafa da fadamu marasa zurfi, kuma yana iya hawowa saman ruwa ya shaƙi iska, shi ya sa masu sayarwa ke cewa ko a kofi zai zauna. Zai zauna ɗin, amma kashinsa yana sakin ammoniya, sinadarin da ke zame wa kifi guba, ruwan lita 2 ko 3 kuwa kwana biyu ya ishe shi lalacewa. Furen robar ma yakan yaga masa jela.

Babban bambancin yana wajen zafi da sanyi. Betta yana son ruwa mai digiri 24 zuwa 28. Mu kuwa a Disamba da Janairu asuba kan sauka ƙasa da 15, a Afrilu rana ta kai 40. Kwalba nan take take bin yanayin ɗaki, sai ka ga kifi ya kwanta a ƙasa ya ƙi cin abinci. Akwati mai lita 20 zuwa 25, wato kamar jarka guda ta mai garuwa, a hankali yake sanyi, a hankali yake ɗumi. Ba wai ya maye gurbin hita ba ne. In kana da sola, ƙaramar hita mai wat 25 ta isa. In babu, ka ajiye akwatin a ƙuryar ɗakin ƙasa, ka lulluɓe shi da bargo daren hunturu.

Tsirrai kuma suna zuƙe wani ɓangare na dattin, sai canjin ruwa ya koma kashi ɗaya cikin huɗu a mako. Anubias, wanda ɗan Afirka ne, da Java fern ba sa neman haske mai yawa, na taga ya ishe su, amma kada rana ta bugi gilashin, gansakuka za ta cika shi. Kada ka binne kaurin tushensu a yashi, ruɓewa yake. Da zare ake ɗaure su a jikin dutse. Kainuwa kuwa kyauta ce a kududdufi, tana saurin girma, namijin yakan yi sheƙar kumfa a ƙarƙashinta. Sai dai ka wanke ta, ka killace ta a bokiti mako biyu saboda matsattsaku da tsutsar mazari. Ta fi sauran son haske, kuma a riƙa rage ta, don kifin ya sami inda zai leƙo ya yi numfashi. Bado ya yi wa wannan akwati girma.

Inda kwalba ta fi akwati shi ne kuɗi da sauri. Akwati sai ya yi mako 4 zuwa 6 kafin ƙwayoyin halittar da ke narkar da ammoniya su kafu, a tsawon lokacin kifin yana kwalbarsa kana canza masa ruwa. Ruwan rijiya ko na burtsatse ya kwana a ɗakin kafin ka zuba. Yashin rafi a wanke shi sosai, ban da sabulu.

Ka rufe saman da raga, kifin yana tsalle. Kada ka haɗa shi da wani namiji, faɗa za su yi har su raunata juna. Abincinsa kuma ba tuwo ba ne, ba burodi ba: in na kanti ya yanke, ƴaƴan sauron da ke wutsil-wutsil a ruwan randa sun wadatar.